Idan Sakamako Ya Fito: Jagora Ga Iyaye A Zangon Kumasi

Ranar da hukumar jarrabawa ta WAEC ta saki sakamako, in kana zaune a Aboabo ko Asawase ba sai an gaya maka ba. Tun hantsi yara sun yi cincirindo a ƙofar shagon intanet, kowa riƙe da 'yar takarda mai lambar jarrabawarsa. Wani ya fito da gudu yana ihu, abokai suna ɗaga shi sama. Wani kuwa ya fito shiru, ya ninke takardar gida huɗu, ya cusa a aljihu, ya bi lungun da ba ya kaiwa gidansu. Saboda na biyun nan nake wannan rubutu.

Na daɗe ina koyarwa a ƙaramar sakandare, wato JHS, kuma duk shekara sai maƙwabta sun yi mini sallama da takarda a hannu: "Malam, duba mana, yaron nan ya ci ko ya faɗi?" Abin da idona ya gani shi ne, da yawa daga yaranmu da karatunsu ya tsaya, makonnin da suka biyo bayan sakamakon ne suka kayar da su. Gida ya ɗauki fushi, ko ya yi gum, ba wanda ya san ƙofar da za a ƙwanƙwasa, har lokacin cike fom ya wuce. To ga yadda nake ganin ya kamata a bi waɗannan makonni, daki-daki.

Da farko, magana kafin a duba

Da zarar an fara raɗe-raɗin sakamako ya kusa, ka kira yaron ku zauna, ba a gaban ƙannensa ba. Ka ce masa: "Duk abin da ya fito, ka kawo mini shi, ni da kai za mu san abin yi." Kalmomin ba su da yawa, amma su ne ke sa yaro ya dawo gida da takardarsa maimakon ya ɓoye ta ko ya ƙirƙiro ƙarya. Uwa ta fi iya wannan, sai dai in daga bakin uba ta fito ta fi nauyi, domin fushin Baba ne yawancin yara ke tsoro.

Dubawa

Ana sayen katin duba sakamako, mai lambar siriyal da lambar sirri, a gidan waya ko ta MoMo, wato biyan kuɗi ta wayar hannu, a shiga shafin WAEC da lambar jarrabawar yaro da shekarar da ya rubuta. Katin yana da iyakar sau nawa za a yi amfani da shi, don haka da an buɗe a buga a takarda, kwafi biyu ko uku, a kuma ɗauki hotonsa a waya. Ka je tare da shi, ko ka haɗa shi da yayansa. Kada ka karɓi sakamako da baki, kuma kada ka dogara da hoton da aka turo ta WhatsApp, domin gyara lamba a hoto ba wuya ba ne a wurin yaran yanzu.

Wani lokaci sai a ga an riƙe darasi ɗaya ko sakamakon gaba ɗaya. Wannan yana nufin WAEC na bincike kan zargin maguɗi, kuma sau da yawa abin ya shafi cibiya ce baki ɗaya, har da yaran da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Kada ka yanke wa ɗanka hukunci a kai. Ka je wurin shugaban makarantarsa, shi ne hanyarka zuwa WAEC. Duk wanda kuma ya kira ka a waya ya ce ma'aikacin hukumar ne, zai ɗaga wa yaro maki ko ya sako abin da aka riƙe in ka tura kuɗi, ɗan damfara ne. Hukumar da kanta tana wannan gargaɗi kowace shekara.

Ka iya karanta lambobin da kanka

A nan iyaye da yawa ke rikicewa, domin a wannan lissafi ƙaramar lamba ita ce babba.

A BECE, jarrabawar gama JHS, maki yana tashi daga 1 zuwa 9, kuma 1 ce ta fi kyau. Ana haɗa darussa huɗu na dole, wato Turanci, Lissafi, Kimiyya da Soshiyal, a ƙara biyu mafi kyau daga sauran. Jimillar ita ce agiriget ɗin da kake ji yara na faɗi. Wanda ya sami 6 ya kai ƙololuwa. Na taɓa ganin wani dattijo ya ɓata rai don 'yarsa ta kawo 9 alhali ɗan maƙwabci ya kawo 30, sai da na zaunar da shi na yi masa bayani, ya rufe baki da hannu yana istigfari, ya aika a sayo mata kaza.

A WASSCE kuwa, jarrabawar gama babbar sakandare, A1 ce sama, sai B2, B3, C4, C5, C6. Waɗannan shida su ne kiredit. D7 da E8 an tsallake amma ba kiredit ba ne, F9 faɗuwa ce. Abin da jami'a ke nema don digiri shi ne kiredit a darussa shida: uku na dole, wato Turanci da Lissafi da Kimiyya ko Soshiyal gwargwadon kwas, da uku daga darussan zaɓi. Saboda haka yaro zai iya tara A1 har huɗu, D7 ɗaya a Lissafi ta tsare masa ƙofa. Ka fara kai idonka kan Turanci da Lissafi kafin ka ƙirga sauran.

Kwana uku na riƙe harshe

In sakamako bai yi kyau ba, kada a yanke wata shawara a kwana ukun farko. Ba maganar aure, ba maganar "gobe ka bi kawunka kasuwa", ba kiran dangi a waya ana ba da labari yaro yana ji. Abin da ya fi yi wa yaro ciwo shi ne kwatance: "Dubi ɗan gidan Alhaji, tare kuka tashi." Ya riga ya duba, tun kafin ka faɗa.

Ɗan yayata ya taɓa kawo F9 a Lissafi. Daren nan Mma ta ɗora masa tuwo a gaba, ya zuba wa kwanon ido har miya ta daskare. Mahaifinsa ya buɗe baki zai fara, sai tsohuwar ta ɗaga masa hannu ta ce, "Bari ya ci abinci tukuna, takarda ba ta gudu." Washegari bayan Asuba na ja shi muka je shan koko da ƙosai a bakin titi. Ban tambaye shi komai ba. Sai da ya kusa shanye kofinsa ya ce, "Kawu, tun aji ɗaya ban gane lissafin nan ba, kunya nake ji in faɗa." Shekara uku yana ɗauke da wannan magana shi kaɗai. Da an rufe shi da faɗa a daren, da ba mu ji ta ba, da kuma ba mu san abin da za mu gyara ba.

A kula da yaron da ya daina cin abinci, ko ya kulle kansa a ɗaki, ko barci ya ƙaurace masa, ko ya fara cewa gara ma ba ya duniya. Wannan magana ba a wasa da ita, kuma ba a amsa ta da tsawa. Kada a bar shi shi kaɗai. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye, kuma tun 2023 majalisar dokoki ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, don haka ba batun tsoron 'yan sanda.

Wanda ya ci kuma a yaba masa a fili, da sunansa. Muna da rowar yabo a gidajenmu.

Mai BECE: rabon makarantu

Tun 2005 kwamfuta ce ke raba yara zuwa babbar sakandare, wato SHS, a tsarin da ake kira CSSPS. Tana duba makin yaro, da makarantun da ya zaɓa tun kafin sakamako, da gurbin da ke akwai a kwas ɗin da ya nema. Ana shiga shafin da lambar jarrabawa, a liƙa mata lambobi biyu na ƙarshen shekara. In an ba shi makaranta, a buga takardar, a kai ta makarantar cikin kwanakin da aka tsayar.

In ba a ba shi ko ɗaya ba, kada a ɗora hannu a ka. A shafin nan dai akwai inda yaro zai zaɓa wa kansa daga makarantun da suka rage da gurbi: ya zaɓi yanki, ya zaɓi kwana ko jeka-ka-dawo, ya zaɓi makaranta da kwas. A nan sauri yana da amfani, domin gurabe masu kyau ba sa kwana. In an sami kuskure, misali an tura mace makarantar maza, ko an ba yaro jeka-ka-dawo a garin da bai san kowa ba, ofishin ilimi na yanki ake zuwa da takardu. Rabon makaranta kyauta ne. A wannan lokaci 'yan "na san wani a sama" suke fitowa kamar farin ɗango, kuma na san gidan da aka kwashe kuɗin adashi aka ba irinsu, daga ranar wayarsa ba ta ƙara shiga ba.

Yanzu ga maganar da na fi so iyaye su riƙe. Mu mutanen Kumasi sunan makaranta muke bi: Prempeh, Opoku Ware, Yaa Asantewaa, St. Louis, T.I. Ahmadiyya. Makarantu ne na ƙwarai, ba musu. Amma kwas ɗin da yaro ya shiga a aji ɗaya shi ne ke yanke ƙofofin da za su buɗe masa bayan shekara uku. Mai son likitanci ko haɗa magunguna sai ya bi Kimiyya, da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji. Mai son injiniya ba makawa sai da Lissafin zaɓi, ba na dole kaɗai ba. Mai son lauya ko aikin jarida yana da hanya ta Ats. Akwai Kasuwanci, da Noma, da Tattalin Gida, da Zane-zane, da Fasaha. Yarinyar da ke mafarkin zama likita, aka karɓa mata kwas ɗin da ba Kemistiri a ciki don kawai a ce tana babbar makaranta, an sayi suna an sayar da mafarkinta. Gara ƙaramar makaranta mai kwas ɗin da take so, in dai akwai malamai da ɗakin gwaje-gwaje. Ka je da ƙafarka ka gani, ka tambayi 'yan aji uku, su ba sa ɓoye gaskiya.

Batun kwana ko jeka-ka-dawo, kowane gida da halinsa. In ɗaki ɗaya ne da mutum bakwai da talabijin, kwana ta fi masa. In kuwa yaro ne mai saurin bin abokai, ko mai ciwon da ke son kulawa irin sikila ko asma, kusa da gida ya fi. Kafin ka sa hannu, ka tambayi hukumar makarantar kai tsaye, cikin ladabi: akwai wurin salla? Yaya ake yi da azumi? Yaya batun ɗankwali ko hijabi? Gara ka ji amsa yanzu da ka ji ta a watan Ramadan. Masu son makarantar Musulunci suna da Islamic SHS a Abrepo, da Sakafia, da Azhariya a Tafo.

Tun Satumba 2017 aka cire kuɗin makaranta a SHS na gwamnati, amma aljihun uba bai huta gaba ɗaya ba. Akwai akwatin ƙarfe, da akwatin katako na garin rogo da shito da sukari, da katifa, da bokiti, da takalma, da kuɗin mota. A karɓi jerin kayan daga makaranta kafin a shiga kasuwar Kejetia, kada a sayi abin da za a mayar a bakin ƙofa.

Mai WASSCE: ƙofofin sun fi ɗaya

Ka ɗauki takarda da biro, ka zauna da shi, ka tambaye shi abin da yake so ya zama, sannan ka yi shiru ka saurara. Mun saba cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, kuma gaskiya ne a al'amura da yawa. Sai dai shi ne zai zauna a ajin shekara huɗu, kuma ya san darasin da ke shiga kansa da wanda ba ya shiga. Kai ka kawo sanin rayuwa da na aljihu, shi ya kawo sanin kansa.

Daga nan a gwada burin da makin, wato agiriget na darussa shidan nan, inda A1 take 1, B2 take 2, har C6 take 6. Kowace jami'a tana fitar da makin da ta tsaya a kai ga kowane kwas a shekarar da ta wuce. Cika sharaɗin kiredit shida daban, samun gurbi daban. Likitanci a jami'ar KNUST ta nan Kumasi a kan 6 yake rufewa ko dab da ita, kuma lauya da haɗa magunguna su ma ba sa nisa da nan. Kuskuren da nake gani kullum shi ne yaro mai agiriget 15 ya cike zaɓinsa duka da irin waɗannan, ya tashi a tutar babu. A sa na buri a farko, na biyu wanda makin ya kai, na ƙarshe wanda ba shakka za a samu. In da hali a sayi fom biyu a wurare daban, kuma a saya a bankuna ko hanyoyin da makarantar da kanta ta ambata.

Bayan KNUST da Legon da Cape Coast da Winneba da UDS ta Tamale, akwai hanyoyin da ba mu cika ba su darajarsu ba. Kwalejojin horar da malamai tun 2018 digirin shekara huɗu suke bayarwa, ana kuma ba ɗalibai alawus. Cikinsu akwai Al-Faruq a Wenchi da Nusrat Jahan a Wa. Zangonmu na da ƙishirwar malamai 'ya'yanta, musamman mata, waɗanda za su tsaya a gaban aji yarinya ta ga irinta. Akwai makarantun nas da ungozoma, da fom ɗinsu ke fitowa ta ma'aikatar lafiya, sai dai a shiga da sanin cewa bayan gamawa akan jira kafin gwamnati ta ɗauka aiki. Akwai jami'o'in fasaha, waɗanda a da ake kira foliteknik kafin dokar 2016, irin Kumasi Technical University, inda wasu kwasa-kwasan babbar difloma, wato HND, da na difloma kan karɓi D7 a wasu darussa, daga baya mutum ya ɗora ya kai digiri. Akwai kuma jami'ar da aka sani da AAMUSTED nan Tanoso ga mai son koyar da sana'a da fasaha.

In makaranta mai zaman kanta ce, kafin ka biya ko sidi ɗaya ka tabbatar hukumar GTEC mai kula da manyan makarantu ta amince da makarantar da kuma kwas ɗin kansa. Su biyun, ba ɗaya ba.

Kuɗi kuwa a yi maganarsa a fili tun yanzu, har da yaron, ya san abin da gida zai iya. A 2025 gwamnati ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko a manyan makarantunta kuɗin karatu, amma ɗaki da abinci da littattafai suna nan, kuma ɗakin kwanan ɗalibai a kewayen KNUST ba arha. Akwai asusun bashin ɗalibai na SLTF, wanda yanzu da Ghana Card ake nema ba sai da mai tsaya wa mutum ba. A nemi tallafi a ofishin gunduma, da ofishin ɗan majalisa, da Asusun Raya Zango. Kawunnai da goggonni da ke Jamus da Amurka, a gaya musu tun watanni kafin lokaci, ba ana saura kwana biyu a rufe rajista ba.

In makin bai kai ba

Darasi ɗaya ko biyu ne suka hana? A sake su kaɗai a jarrabawar masu zaman kansu, wadda yara ke kira Nobdek. Jami'o'i suna karɓar sakamako biyu a haɗe. Amma kada a biya kuɗin rajista a tsaya nan. Yaron da ya faɗi Lissafi, in ya koma da kan da ya fito da shi, abin da ya samu zai sake samu. A nema masa ajin gyara ko malami ɗaya tsayayye, a sayi tambayoyin shekarun baya, a tsayar masa da lokacin karatu da gida zai girmama, ba a aike shi sayen gawayi a tsakiyarsa ba. Haka muka yi wa ɗan yayata: muka koma da shi har lissafin JHS, ya sake zama ya fito da C5.

In kuwa yaro ya faɗa maka da gaske cewa hannunsa ya fi kansa son aiki, ka ji shi. Kumasi gari ne da Magazin ta Suame, unguwar makanikai da maƙera, ta ciyar da gidaje ba adadi. Makarantun fasaha irin KTI, wato Kumasi Technical Institute, suna cikin tsarin karatu kyauta, kuma ana shigarsu ta rabon makarantu kamar kowace SHS. Wanda zai koyi aiki a wurin maigida, walda ne ko wayarin ko ɗinki ko gyaran waya, a je da shi da manya, a yi yarjejeniya a kan shekaru da abin da za a koya masa, a kuma sa shi ya rubuta jarrabawar sana'a ta gwamnati don ya sami takarda. Takardar ce za ta ba shi damar neman kwangila gobe. Abin da nake tsoro shi ne zaman banza: wata shida a majalisar ataya, daga nan sai cacar ƙwallo a waya, sai damfarar intanet da ake kira sakawa, sai ramin galamse na haƙar zinariya ba izini. Tuƙa pragya, keken haya mai ƙafa uku, yana kawo kuɗin yau, shi ya sa yaron da ya ɗanɗana shi da wuri yake wuyar komawa aji. In dole sai ya yi, a tsayar da ranar da zai ajiye makulli.

'Ya mace kuma, don Allah kada D7 ta zama sanadin ɗaura mata aure cikin fushi. Dokar yara ta 1998 ta tsayar da shekara 18 don aure, amma ko ta wuce haka, namiji in ya faɗi ana ba shi dama ta biyu, ita ma a ba ta. Wadda tsautsayin ciki ya faɗa wa, hukumar ilimi ta ba ta damar komawa aji bayan haihuwa, kuma ba shugaban makarantar da ke da ikon hana ta.

Masu burin Madina ko Azhar, Allah Ya cika buri. Shawarata dai kada a jefar da WASSCE. Wanda ya dawo da digirin Larabci kuma yana da kiredit ɗinsa na Turanci da Lissafi, ƙofar koyarwa a makarantun gwamnati da ta ƙarin karatu a nan gida ta fi saurin buɗe masa.

Jaka ɗaya, da kalanda

A sayi jakar roba mai zif, a zuba komai a ciki: sakamakon BECE da na WASSCE, takardar haihuwa, Ghana Card, katin inshorar lafiya, ƙananan hotuna, rasit na kowane biya. A duba sunan yaro da ranar haihuwarsa a kowace takarda, harafi bayan harafi. Mu da sunayenmu ake rubutawa iri-iri, Muhammad a nan, Mohammed a can, Abubakar a wannan, Bukari a waccan, wannan ƙaramin bambanci yana iya tsayar da rajista, kuma gyaransa sai da rantsuwa a gaban hukuma, abin da ke cin kwanaki. Lambar waya da imel da za a sa a fom su zama na yaron ko na gida, ba na mai shagon intanet ba, domin ta nan saƙon ɗauka zai zo. Sannan a rubuta ranar rufe kowane fom da babban baƙi, a manna a bango kusa da kalandar salla, inda duk mai shiga ɗaki zai gani.